Tambayoyi da amsoshi kan girka maganaɗisun lantarki mai raba taragai a ƙaramin layin dogo na cikin gida

Masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa na cikin gida ba su da yawa a tsakanin Hausawan Jidda da Makka da Madina, amma suna nan. Duk wanda ya wuce matakin kallon jirgi yana kewaya tebur, ya fara son ya ajiye wannan tarago a wani layi ya ɗauki wancan, yakan zo ya tsaya a kan matsala guda, wato yadda za a raba tarago da ɗan'uwansa ba tare da an sa hannu ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda 'yan'uwa suka fi yi mini a kan wannan batu, musamman masu aiki da ma'aunin N da na HO, wato matakan rage girman jirgi, kuma na amsa su gwargwadon abin da na gani a kan teburina da abin da sana'ar lantarki ta koya mini.

Mece ce wannan na'ura, kuma yaya take raba taragai alhali ba ta taɓa su?

Na'urar siririyar wayar jan ƙarfe ce mai rufin fenti, wadda aka naɗe sau ɗaruruwa a jikin guntun baƙin ƙarfe, aka ɓoye ta ƙarƙashin dogo. Idan wuta ta bi ta cikin naɗin sai ƙarfen ya zama maganaɗisu, idan aka yanke wutar sai ƙarfin jan ya gushe. Ragowar aikin kuwa ƙugiyar tarago ce take yin sa.

Ƙugiyar da aka fi sani da wannan aiki ita ce mai muƙamuƙi, wadda aka kwaikwayo daga ta manyan jiragen Amurka da Eli Janney ya yi wa rajista a 1873, kuma irinta ce a jikin taragan kaya da ke zirga-zirga tsakanin Dammam da Riyad. Tana kama 'yar'uwarta ne kamar yadda mutum zai lanƙwasa yatsun hannayensa biyu ya sarƙe su da juna. A ƙarƙashin kowace ƙugiya akwai wata lanƙwasasshiyar wayar ƙarfe da ke rataye kamar tiyon iskar birki, wadda zan riƙa kira wutsiya a wannan rubutu. Idan taragai biyu suka tsaya a kan maganaɗisu, sai ya ja wutsiyar wannan zuwa dama, ta wancan zuwa hagu, muƙamuƙan su buɗe. Sharaɗi ɗaya ne: dole a sassauta ja tukuna. Muddin kan jirgi yana jan taragai, leɓunan ƙugiyoyin suna cije da juna, kuma babu maganaɗisun da zai buɗe su.

Me ya sa ba za a sa maganaɗisu na dindindin ba, tunda ya fi arha kuma ba ya bukatar waya?

Ana sa shi, kuma a wurare da yawa shi ya fi dacewa. A bakin layin ajiya wanda ba ya ɓullewa, inda jirgi ba ya shiga sai don ya ajiye tarago ko ya ɗauka, maganaɗisu na dindindin ya wadatar, ba kuma na ba kowa shawarar ya kashe kuɗinsa a kan na lantarki a irin wannan wuri.

Matsalarsa tana bayyana ne a babban layi, inda jirage ke wucewa a kai a kai. Shi ba ya barci. Idan jirgi yana tafiya a hankali, kan jirgin ya ɗan yi tuntuɓe saboda datti a kan dogo, ja ya sassauta na ɗan ƙiftawar ido a daidai kan maganaɗisun, sai ka ga rabin jirgi ya wuce ya bar rabi a baya. Haka nan idan sandar da ta haɗa ƙafafun tarago ta baƙin ƙarfe ce, maganaɗisun yakan fizgo taragon gaba, shi ma ya haddasa wannan sassaucin. Na lantarki kuwa ba ya yin kome sai an danna maɓalli. Don haka ra'ayina shi ne a raba aikin: na lantarki a babban layi da layin da jirage ke kauce wa juna, na dindindin a layukan ajiya, inda hannu ke kaiwa cikin sauƙi kuma a yi amfani da ɗan siririn tsinke. Mai ƙananan yara a gida ya kula da ƙananan maganaɗisai masu ƙarfi na neodimiyam, domin haɗiye biyu daga cikinsu yana iya huda hanji.

Malam, kowace na'ura tana aiki da kowace irin ƙugiya?

A'a, kuma a nan ne mutane suka fi asarar kuɗi, musamman mu da muke yin odar kayan daga waje mu jira makonni kafin su iso. Ya kamata mutum ya juya taragonsa ya dubi ƙugiyar da kyau kafin ya sayi kome, domin hanyoyin rabawa iri uku ne, kuma ba sa maye gurbin juna.

Na farko shi ne na ƙugiya mai muƙamuƙi, irin ta kamfanin Kadee a ma'aunin HO da ta Micro-Trains a ma'aunin N, dukansu daga jihar Oregon ta Amurka. Wannan tana bukatar a ja wutsiyoyi zuwa gefe, saboda haka maganaɗisunta yana da kawuna biyu, ɗaya a ƙarƙashin dogon dama, ɗaya a ƙarƙashin na hagu, ƙarfin jan yana ratsa layin a gicciye. Na'urar Kadee mai lamba 309 irin wannan ce.

Na biyu shi ne na ƙugiyar da ake ɗagawa sama ko a sauke ƙasa, wadda masu ƙananan jirage a Ingila suka fi amfani da ita. A nan kan maganaɗisun guda ɗaya ne, yana leƙowa a tsakiyar layi tsakanin katakan dogo, yana jan wani ɗan hannun ƙarfe zuwa ƙasa, hannun kuma ya ɗaga bakin ƙugiyar. Peco PL-25 da SEEP EM1 na wannan rukuni ne. Wanda ya sa irin wannan a ƙarƙashin ƙugiya mai muƙamuƙi, zai ja wutsiyoyin biyu zuwa tsakiya ne maimakon ya raba su, ƙugiyoyin kuma ba za su buɗe ba.

Na uku ba ya jan ƙugiya da maganaɗisu ko kaɗan. Guntun layi ne da ake sayarwa a haɗe, kamar na Märklin da Fleischmann da Roco, wanda naɗin wayarsa ke tura wani ɗan faifan roba sama a tsakanin dogayen, faifan ya ture ƙugiyoyin daga ƙasa. Shi ne mafi sauƙin girkawa, sai dai yana bayyane, kuma yana ƙara idan yana aiki.

Akwai wani abin lura ga masu ma'aunin N. Yawancin taragan Turai da na Japan suna zuwa da ƙugiyar roba mai kusurwa huɗu, wadda kamfanin Arnold na Jamus ya fito da ita a shekarun 1960 da sunan Rapido. Babu ƙarfe a jikinta, don haka maganaɗisu bai san da zamanta ba. Ko dai a sauya ta da mai muƙamuƙi, ko a ƙara mata hannun ƙarfe idan irin wadda ke ɗagawa ba tare da sifirin ba ce, ko a yi amfani da faifan da ke turawa daga ƙasa. Idan taragon yana da aljihun ƙugiya na ƙa'idar Turai, wato NEM 355 a ma'aunin N ko NEM 362 a HO, sauyawar ba ta wuce a zare wannan a zura waccan ba.

Shin ƙanƙantar ma'auni tana ƙara wahalar aikin?

Tana ƙarawa ƙwarai. A ma'aunin HO an rage girman jirgi sau 87, tazarar dogayen milimita 16.5 ce. A ma'aunin N an rage sau 160, ko 150 a yawancin jiragen Japan, ko 148 a na Ingila, tazarar kuwa milimita 9. A ma'aunin Z, wanda Märklin ya fito da shi a 1972, ragin sau 220 ne, tazarar milimita 6.5. Duk yadda ma'auni ya ƙanƙance, kuskuren rabin milimita yana ƙara girma.

A HO, tsakiyar ƙugiya mai muƙamuƙi tana zama kimanin milimita 9.9 a saman dogo, ƙarshen wutsiya kuma kimanin milimita 0.8. A N, ƙugiyar tana kimanin milimita 5.5, wutsiyar kuwa kwata na milimita kacal take a saman dogo. Idan wutsiya ta yi sama da yawa, maganaɗisu ba zai kama ta ba, domin ƙarfin jansa yana raguwa da sauri da zarar tazara ta ƙaru. Idan ta yi ƙasa, za ta sarƙe a mararrabar layi ta kayar da tarago. Wannan ne ya sa nake cewa duk wanda zai sayi na'ura ɗaya ya haɗa da ma'aunin tsayin ƙugiya na kamfanin da ya yi ƙugiyoyinsa, ya bi taragansa ɗaya bayan ɗaya ya daidaita su kafin ya huda allo. Mafi yawan na'urorin da ake zargi da rashin ƙarfi lafiyarsu ƙalau, ƙugiyoyin ne ba a daidaita ba.

A ina ya kamata a girka ta?

A kan layi miƙaƙƙe, shimfiɗaɗɗe, wanda ba hawa ba gangara. Ya kasance akwai miƙaƙƙen layi gabanta da bayanta, kowane gefe aƙalla tsawon tarago mafi tsawo da kake da shi, domin idan ɗayan taragan yana kan kwana, ƙugiyarsa za ta karkace daga tsakiya, wutsiyar ta faɗa ɓangaren da ba nata ba. A kan gangara kuwa, ko ƙugiyoyin sun buɗe, taragon da aka saki zai gangaro ya sake kamawa, ko ya gudu.

Idan kusa da mararraba ce, a auna yadda taragon da aka ajiye ba zai tokare wa jirgin da ke wucewa a layin maƙwabta hanya ba. Sannan a leƙa ƙarƙashin tebur kafin a yanke shawara, domin sau da yawa wurin da ya yi kyau daga sama yakan faɗo a kan katakon da ke riƙe da allo, ko kusa da injin da ke juya mararraba. Wanda ya sa na'urorin gano wucewar jirgi masu aiki da maganaɗisu ya nisanta su da wurin, don kada su riƙa ba da labarin ƙarya duk lokacin da aka danna maɓalli.

Shawarar da na fi nanatawa ita ce a shimfiɗa layin na wucin gadi, a yi mako guda ko biyu ana shantin, wato ajiye taragai da ɗaukarsu daga layi zuwa layi, da tsinke a hannu, ana sa alama da fensir a duk inda aka ga hannu yana yawan komawa. Wuraren da alamar ta taru su ne ke bukatar na'ura, kuma yawanci ba su kai yawan da mutum ya zata tun farko ba.

Yaya ake girkawar kanta?

Na'ura mai kai ɗaya ba ta da wuya. Ana huda rami daidai kaurin ƙarfenta a tsakiyar layi, tsakanin katakan dogo biyu, a zura ta daga ƙasa har kanta ya yi daidai da saman katakan, a ɗaure ta da sukurori. Kada kan ya haura saman dogo ko kaɗan, domin zai taɓa ƙasan kan jirgi.

Mai kawuna biyu ta fi cin aiki, domin sai an yanke rami mai kusurwa huɗu a jikin allon tun kafin a shimfiɗa dogo. Ana zana tsakiyar layi a kan allon, a yanke ramin daidai da girman da takardar kamfanin ta nuna, a sa na'urar ta yadda tsakiyarta ya hau kan zanen ba tare da karkata ba, sannan a rufe ramin da siririn faifan roba ko takarda mai kauri don kada tsakuwa da gam su zuba a ciki. Rufin ya zama siriri iyakar iyawa, saboda kowace milimita da aka ƙara tsakanin ƙarfe da wutsiya tana rage ƙarfin ja. Dogon kansa ba ya tare maganaɗisu, domin yawancin na zamani gaurayen jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, wanda maganaɗisu ba ya kamawa. Dogo na baƙin ƙarfe ne kaɗai ke kawo cikas, kuma ya kamata a sauya wannan guntun. A kula kada ƙarfen na'urar ya taɓa dogayen biyu ya haɗa wutarsu.

Kafin a zuba tsakuwa ko ɗigon gam ɗaya, a gwada da taragai masu yawa, gajeru da dogaye, daga kowane ɓangare. Bayan gam ya bushe, gyaran rabin milimita yakan zama aikin yini guda. A ƙarshe a kafa wata alama a gefen layi, kamar ɗan turke fari ko ƙaramar bukkar ma'aikata, domin da zarar tsakuwa ta rufe wurin ba za a ƙara gane inda na'urar take ba.

Wace irin wuta take bukata, kuma zan iya ɗauka daga wutar da ke tafiyar da jirgi?

Kada a ɗauka daga can. Waɗannan naɗe-naɗe suna shan wuta fiye da kan jirgi sau da yawa. Babbar na'ura ta HO tana iya neman bolt 16 da amfiya uku, alhali ƙaramin kan jirgi na N bai cika kai rabin amfiya ba. Idan suka haɗa tushe ɗaya, da zarar an danna maɓalli jirgin zai rage gudu ko ya tsaya, fitilu su dushe. A ba ta adafta tata ita kaɗai, mai ƙarfin da ya ɗan zarce abin da takardar na'urar ta nema, a sa fis a kan wayar da ke fita, a kuma yi amfani da waya mai kauri, kamar mai faɗin murabba'in milimita ɗaya, idan tazarar ta kai 'yan mitoci. Adafta ɗaya tana iya ciyar da na'urori da yawa, tunda ɗaya ake dannawa a lokaci guda.

Wuta mai tafiya hanya ɗaya, wato DC, ta fi dacewa da ƙugiya mai muƙamuƙi, domin mai kai da komo, wato AC, tana sa wutsiyoyi karkarwa, naɗin kuma ya riƙa gurnani. Wanda yake da tsohuwar taransifoma mai ba da AC zai iya sa mata gadar dayod huɗu da babbar kafasita, amma ya sani cewa ƙarfin zai hau: bolt 12 na AC yakan koma kusan bolt 16 bayan an tace shi. Adaftar kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda mutane da yawa ke da ita a ajiye, yawanci bolt 19 take bayarwa, kuma wannan ya yi wa naɗin da aka yi don bolt 12 yawa.

Akwai abin da ya shafe mu a nan Saudiyya musamman. Tun 2010 hukuma ta yanke shawarar mayar da wutar gidaje bolt 230, amma har yanzu akwai tsofaffin gidaje a unguwanninmu da ke da soket na bolt 127 a wannan bango, na 220 a wancan. A sayi adaftar da aka rubuta 100 zuwa 240 a jikinta. Taransifomar da aka yi wa kasuwar Amurka ko Japan, mai bolt 120 ko 100 kaɗai, za ta ƙone nan take idan aka sa ta a soket na 230. Kuma wutar gida kada ta shiga ƙarƙashin tebur ko da wasa. Ta tsaya a adafta, ƙaramar wuta kaɗai ta wuce.

Me ya sa ake hana amfani da makunni na yau da kullum?

Saboda za a manta da shi a kunne. Bolt 16 sau amfiya uku wat 48 ke nan, zafin da ya kai na ƙarfen narkar da dalma, kuma duk yana taruwa ne a cikin dunƙulen waya da ke manne da katako da roba. An yi waɗannan naɗe-naɗe ne don aikin 'yan daƙiƙoƙi. Idan suka daɗe a kunne, fentin wayar ya narke, zagayen su haɗe da juna, wutar ta ƙaru, katakan dogo na roba su lanƙwashe, a wasu lokutan har hayaƙi ya tashi. Saboda haka maɓallin da ke komawa da kansa da zarar an ɗaga yatsa shi kaɗai ya dace, kuma ya zama wanda aka rubuta masa amfiyar da ta fi ta naɗin. Daƙiƙa biyar zuwa goma sun isa kowane rabawa.

A gidan da yara ke zuwa kallo, ina ganin wajibi ne a ƙara da'irar ƙidayar lokaci, irin wadda ake haɗawa da guntun lantarki mai lamba 555, ta yadda ko yaro ya kwanta a kan maɓallin wutar za ta yanke da kanta. Ƙaramar fitila a kan allon sarrafawa, mai kamawa duk lokacin da naɗin ke shan wuta, ita ma tana da amfani. Na'urar tara caji da ake juya mararraba da ita kuwa ba ta dace da nan ba, domin bugu ɗaya take bayarwa na ƙasa da daƙiƙa, alhali ƙugiya tana bukatar a riƙe ta a buɗe har kan jirgi ya ja baya.

Ni da tsarin DCC nake aiki, wato tsarin sarrafa jirage da saƙonnin dijital da ake aikawa ta cikin dogo. Zan iya sarrafa ta daga abin da ke hannuna?

Za ka iya, amma ta hanyar rile, wato makunnin da lantarki ke kunnawa. Dikodar kayan gefen layi, wato na'urar da ke karɓar umarnin DCC, ta kunna rile, shi kuma rile ya haɗa naɗin da adaftarsa ta daban, a kuma saita dikodar ta saki bayan 'yan daƙiƙoƙi. Rilen mota mai bolt 12, wanda ake samu a kowane shagon kayan gyaran mota, yana ɗaukar wannan wuta ba tare da wahala ba.

Duk inda naɗi ke aiki da DC, a gicciya masa dayod, irin su 1N4007 ga ƙananan naɗe-naɗe ko 1N5408 ga masu shan amfiya uku, ɓangaren da ke da zobe yana fuskantar waya mai alamar tarawa. Dalili shi ne, a lokacin da aka yanke wuta, maganaɗisun da ke rushewa yana haifar da wani bugun lantarki mai ƙarfin gaske a juye, wanda ke cin bakin maɓalli a hankali, yana kuma iya kashe taransista ko ya rikita dikoda. Dayod ɗin yana ba wannan bugu hanyar da zai kewaya ya mutu. Idan aka juya shi baibai zai haɗa wutar kai tsaye, fis ya tsinke. A kan AC kuwa ba a sa shi sam.

Dole ne kowane layin ajiya ya sami tasa na'urar?

Ba dole ba ne, kuma wannan ita ce falalar ƙugiya mai muƙamuƙi da ta sa nake fifita ta. Ana tsayar da mahaɗar taragan a kan na'ura, a danna maɓalli, a ɗan tura taragan don ja ya sassauta, sannan a ja baya kaɗan har su rabu. Yatsa yana kan maɓalli har yanzu, don haka ƙugiyoyin suna karkace, kowace ta kauce wa 'yar'uwarta. Sai a dawo a hankali a tura. Yanzu ƙugiyoyin sun haɗu ne a karkace, suna tura juna amma ba su kama ba. A saki maɓalli, a ci gaba da turawa har cikin duk layin da ake so, a tsaya, a ja baya, taragon ya zauna a wurin. Da wannan dabara na'ura ɗaya a wuyan filin ajiya tana hidimar layuka huɗu ko biyar. Abin da take bukata shi ne kan jirgi mai tafiya sumul a ƙaramin gudu da dogo mai tsabta, domin idan aka yi tuntuɓe ɗaya a hanya ƙugiyoyin za su koma tsakiya su sake kamawa.

Ina da samfurin jirgi mai gudu irin na Haramain. Yana bukatar wannan na'ura?

Ba ya bukata. Jirgin Haramain, wanda ya fara jigila a 2018 tsakanin Makka da Madina ta Jidda a kan layi mai kimanin kilomita 450, jeri ne guda da ba a raba taragansa a tasha, kuma samfuran irinsa ma haka aka ƙera su. Wannan na'ura ta mai jiragen kaya ce: mai kwaikwayon taragan kwantena na tashar jiragen ruwa ta Dammam, ko taragan fosfat da ke gangarowa daga arewa zuwa Ras al-Khair, ko tsohon layin Hijaz da ya iso Madina a 1908.

Yanayin ƙasar nan yana shafar aikinta?

Yana shafa ta fuska uku. Zafi shi ne na farko. Tirjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kimanin kashi huɗu cikin dubu a kowane digiri ɗaya, don haka naɗin da ya ƙara zafi da digiri 50 zai rasa kusan kashi ɗaya cikin shida na wutar da ke bi ta cikinsa, ƙarfin jansa ma ya ragu. Wanda teburinsa yake ɗakin saman bene ko wani ɗakin da ba a kunna na'urar sanyaya iska kullum zai lura cewa rabawar farko tana tafiya daidai, ta biyar a jere kuwa tana gardama. A bar ƙarƙashin naɗin a buɗe don iska ta ratsa, a kuma ba shi hutu tsakanin dannawa.

Na biyu ƙura ce. Tana shiga cikin muƙamuƙin ƙugiya ta hana shi motsi, kuma mai ba ya maganinta, ƙara kama ta yake yi. Abin da ake sawa shi ne busasshen garin girafait, irin na bakin fensir, ɗan kaɗan, a nisanta shi da wuraren da aka raba wutar dogo domin yana ɗaukar lantarki. Rufe tebur da yadi bayan an gama aiki ya fi kowane magani. Na uku kuwa na mutanen Jidda da Yanbu da Dammam ne, wato danshin teku mai gishiri, wanda ke sa ƙarfen naɗi da wutsiyoyi tsatsa. Shafin fenti siriri a kan ƙarfen na'urar kafin a girka ta yana kare ta shekaru.

Zan iya naɗa tawa da kaina?

Mai kai ɗaya tana da sauƙin yi, kuma kayanta suna nan kusa: waya mai fenti tana wurin masu sake naɗin injin fanka da famfon ruwa. A nemi ƙusa mai zare ta baƙin ƙarfe mai taushi. Ƙarfen da ba ya tsatsa bai dace ba, domin yawancinsa maganaɗisu ba ya kama shi, wanda aka ƙarfafa da wuta kuma yana riƙe maganaɗisu bayan an yanke lantarki, sai ya koma na dindindin.

Ƙarfin ja yana bin yawan zagaye ne sau yawan amfiya. Ga misalin lissafi: waya mai kaurin milimita 0.4 tana da tirjiyar kimanin om 0.14 a kowace mita, don haka mita 60 za ta ba da kimanin om 8, wadda a kan bolt 12 za ta sha amfiya ɗaya da rabi, wato wat 18. Idan matsakaicin zagaye santimita biyar ne, an sami zagaye 1,200. A auna tirjiyar da na'urar awon lantarki kafin a ba ta wuta, a gwada ta a kan benci, a taɓa a ji yadda take ɗaukar zafi. Mai kawuna biyu kuwa sai an lanƙwasa faifan ƙarfe biyu daidai wa daida, kuma ga wanda bai saba ba, saye ya fi masa sauƙi.

Na girka, ina jin tana aiki, amma taragai ba sa rabuwa. Me zan duba?

A fara da ƙugiya, a bar na'urar tukuna. A auna tsayinta da na wutsiya, a taɓa muƙamuƙin da tsinke a ga ko yana buɗewa ya koma da kansa, a duba ko fenti ko gam ya shiga akwatinta. Sannan a tabbatar ana sassauta ja kafin a ja baya. Idan tarago ɗaya ne ke gardama, laifin nasa ne. Idan duka ne, sai a auna bolt a bakin naɗin a lokacin da aka danna maɓalli, domin siririyar waya ko raunanniyar adafta tana iya cinye kashi mai yawa a hanya.

Idan kuwa taragon yana zabura ya bi maganaɗisun, to akwai baƙin ƙarfe a jikinsa, ko a sandar ƙafafu ko a nauyin da aka sa masa, ko kuma ya yi rashin nauyi. Ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, NMRA, wadda aka kafa a 1935, ta ba da shawarar nauyi: a HO kimanin giram 28, a ƙara 14 a kan kowane inci na tsawon tarago, a N kimanin giram 14, a ƙara huɗu a kan kowane inci. Ƙananan nauyin da masu gyaran taya ke mannawa a jikin wili suna da amfani a nan, amma a gwada su da maganaɗisu kafin a saya, domin wasunsu baƙin ƙarfe ne, kuma waɗanda maganaɗisu bai kama ba su ake nema.

Na riga na zuba tsakuwa na manne ta. Sai na tayar da layin duka?

Ba sai an tayar da duka ba. Idan mai kai ɗaya ce, ana fara huda siririn rami daga sama a tsakanin katakan dogo don a sami tsakiya, sannan a faɗaɗa shi daga ƙasa a hankali, a tsotse garin katakon kafin jirgi ya bi ta wurin. Idan mai kawuna biyu ce, sai a jiƙa tsakuwar wurin da ruwan ɗumi, wanda ke sassauta farin gam na katako cikin 'yan mintoci, a yanke dogayen biyu da siririn zarto a nesa da wurin kaɗan ta kowane gefe, a ɗaga guntun, a yanke ramin, a girka, a mayar da sabon guntu da maɗauran dogo. Wannan guntun a jona masa wayoyin wuta nasa da dalma, kada a dogara da maɗauran kaɗai, domin a kansa ne kan jirgi zai riƙa tafiya da mafi ƙarancin gudu, kuma a nan ne yankewar wuta ta fi ɓata aiki.